Kurakuran da aka fi yi wajen lissafin injiniya da kalkuletocin intanet, da hanyar gyara su

Tun da masana'antun sarrafa shinkafa suka yawaita a jihar Kebbi, daga Birnin Kebbi zuwa Argungu da Kamba, lissafin da a da sai injiniya ya buɗe littafi ya bi jadawali da yatsa ya koma cikin wayar hannu. Mai son sanin faɗin bututun da zai ɗauki tururi, ko ƙarfin famfon da zai kai ruwa saman tanki, yana iya shiga shafin Engineering ToolBox, ko kalkuletocin tururi na kamfanonin Spirax Sarco da TLV, ko rumbun bayanan sinadarai na hukumar NIST ta Amurka, ya cike gurabe huɗu ko biyar, amsa ta fito kafin shayinsa ya huce. Ni ma da su nake aiki kusan kullum, kuma da wuya na kama sanannen shafi da kuskuren tarawa ko ninkawa. Inda ɓarnar take fitowa shi ne kalkuleta tana amsa tambayar da aka rubuta mata ne kawai, alhali sau da yawa wadda aka rubuta ɗin ta sha bamban da tambayar da injin da ke gabanmu yake yi.

Kuskuren da na fi gani, wanda kuma ya fi cin kuɗi, shi ne barin lambobin da shafi ya riga ya cike da kansa. Yawancin shafukan nan suna buɗewa ne da ruwa mai zafin digiri 20 ko ƙasa da haka, da matsin iska na bakin teku, domin a ƙasashe masu sanyi aka rubuta su. Mu kuwa a watan Afrilu zafin inuwa kansa yana haura digiri 40, ruwan da muke jiƙa shanshera da shi kafin a turara ta kuma yakan kai digiri 60 zuwa 70.

Na ga sakamakon wannan da idona a wata ƙaramar masana'anta da na yi wa aiki. An sayi sabon famfo domin ɗebo ruwan zafi daga tankin ƙarƙashin ƙasa zuwa tankunan jiƙo, aka girke shi kimanin mita 3 sama da fuskar ruwan. Matashin injiniyan da ya zaɓe shi ya yi lissafin abin da ake kira NPSH, wato rarar matsin da ya kamata ya saura a bakin famfo don kada ruwan ya tafasa a ciki, shafin ya ba shi kusan mita 6, takardar famfon kuma ta nemi mita 4, sai ya ga akwai rara mai gamsarwa. Kwana biyu da fara aiki famfon ya soma ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a cikinsa. Dattijon da ke kula da tukunyar tururi, wanda bai taɓa jin sunan NPSH ba, ya dafa bututun tsotso da bayan hannunsa ya ce mini, "Injiniya, da asuba da ruwan yake da sanyi lafiya lau take ja, sai an kunna wuta take fara kuka." Maganarsa ce ta warware matsalar. Matsin tururin ruwa a digiri 20 kilofaskal 2.3 ne kacal, wanda bai kai kwatar mita ba idan aka mayar da shi tsayin ruwa, amma a digiri 70 ya haura kilofaskal 31, wato sama da mita 3. Idan aka cire wannan daga kusan mita 10 da iska ke bayarwa, aka cire mita 3 na tsotso da mita 1 na gogayya a bututu, abin da ya saura bai wuce mita 3 ba, ƙasa da abin da famfon yake bukata. Ruwan yana tafasa a bakin farfela, kumfar tana fashewa a jikin ƙarfen, kuma da muka kwance shi bayan makonni kaɗan mun tarar da fuskar farfelar ta yi ramuka kamar wadda gara ta ci. Da na tambayi matashin wane zafi ya sa, sai ya ce, "Yallabai, ban taɓa wannan gurbin ba." Gyaran bai bukaci sabon famfo ba, saukar da shi ƙasa muka yi yadda ruwan zai riƙa gangarowa cikinsa, muka canja farfela. Tun daga lokacin na ɗora wa kaina da duk wanda ke aiki tare da ni dokar goge kowane gurbi kafin a fara, ko da lambar da ke ciki ta yi kama da daidai, sannan a cike shi da abin da aka auna a wurin aiki a lokacin da ya fi tsanani.

Haka abin yake ga iska. Kubik mita ɗaya ta iska, wato lita 1,000, tana da nauyin kilo 1.20 a digiri 20, amma a digiri 40 ta ragu zuwa kusan 1.13, saboda haka fankar da ke hura wa wutar ɓuntu iska tana kawo ƙasa da abin da aka zata da kimanin kashi 6 cikin ɗari da tsakar ranar bazara. Wanda zai zaɓi hasumiyar sanyaya ruwa kuma ya yi lissafinsa da yanayin watan Agusta, lokacin da iska ta cika da danshi, domin busasshiyar iskar hunturu tana sa kowace hasumiya ta zama kamar gwana.

Na biyu a yawan faruwa shi ne rikita matsin da agogon geji yake nunawa da cikakken matsi. Allurar gejin da ke jikin tukunyar tururi tana farawa ne daga sifili a daidai matsin iskar da muke shaƙa, alhali jadawalin tururi da dokokin gas suna ƙirgawa daga inda babu iska ko kaɗan, kuma tazarar da ke tsakaninsu kusan bar 1 ce, ko a ce 1.013 a bakin teku. Shafuka masu kyau suna rubuta ƙaramin harafin g (matsin geji) ko harafin a (cikakken matsi) kusa da kalmar bar, wasu kuma suna ɓoye zaɓin a cikin wani ɗan akwati da sai an taɓa shi yake buɗewa, a ƙaramin allon waya ma wani lokaci ba ya bayyana sai an ja shafin gefe. Idan geji ya nuna bar 7, cikakken matsin bar 8 ne, tururin kuma yana da zafin kusan digiri 170, wanda ya rubuta 7 a gurbin cikakken matsi zai samu 165. Wannan bambancin ana iya haƙuri da shi a wasu ayyukan. Amma a ƙaramin matsi, irin wanda ake turara shinkafa da shi, kuskuren yana girma ƙwarai: kilo ɗaya na tururi a cikakken matsin bar 2 yana cin wurin da bai kai kubik mita 0.9 ba, a bar 1 kuwa yana cin kusan 1.7, wato kusan ninki biyu, kuma da wannan lambar ake fitar da faɗin bututu. Hanya mafi sauƙi ta kama kuskuren ita ce a gwada shafin da abin da kowa ya sani kafin a ba shi amana. A rubuta sifili a gurbin matsi: idan ya ce ruwa zai tafasa a digiri 100, to da geji yake aiki, idan kuma ya ƙi karɓa ko ya fitar da lamba maras kan gado, cikakken matsi yake nema.

Batun ma'aunai ba ya bukatar dogon bayani, sai dai yana bukatar ido. Galan na Amurka lita 3.785 ne, na Ingila 4.546. Tan ɗinmu kilo 1,000 ne, gajeren tan na Amurka kuwa kilo 907. Alamar Nm3 tana nufin kubik mitar gas a digiri sifili, kuma gas ɗin da ya kai digiri 40 ya fi haka cika da kusan kashi 15 cikin ɗari. Lambar Kv da masu ƙera bawul na Turai suke bayarwa, wadda ke nuna yawan ruwan da bawul zai iya wucewa da shi, ba ɗaya take da Cv ta Amurkawa ba, ana ninka Kv da 1.156 kafin a samu Cv. Akwai kuma shafukan Jamus da Faransa da suke karanta waƙafi a matsayin ɗigo, ta yadda 1,500 zai zama ɗaya da rabi. Kada wani ya ɗauka wannan kuskuren ƙananan ma'aikata ne kawai: a shekarar 1983 wani jirgin Boeing 767 na kamfanin Air Canada ya ƙare da mai a sararin sama ya sauka a wani tsohon filin jirgin soja a Gimli da ke Kanada, saboda an auna mansa da fam maimakon kilo. Abin da nake yi shi ne in mayar da komai ma'auni iri ɗaya a kan takarda tun kafin in buɗe shafin, in rubuta ma'aunin a gefen kowace lamba, domin lambar da ba ta da ma'auni a gefenta ita ce ake yi wa fassara biyu.

Faɗin bututu kuma wani tarko ne da sunan kasuwa yake ɗanawa. Bututun ƙarfe da ake kira inci 2 faɗinsa na waje milimita 60.3 ne, na ciki kuma ya dogara da kaurin jikinsa: mai lambar Sch 40 yana da milimita 52.5, mai Sch 80 yana da 49.3. Ido ba zai damu da milimita uku ba, amma asarar matsi tana ƙaruwa ne gwargwadon raguwar faɗi a ninka sau biyar a kan kansa, don haka waɗannan milimita ukun suna ƙara asarar da kusan kashi 37 cikin ɗari. Bututun roba da ake sayarwa a kasuwanninmu kuwa da faɗin waje ake kiransa, kuma kaurinsa ya bambanta daga wannan kamfani zuwa wancan. A yanki guntu a auna cikinsa da abin awo, wannan ya fi kowane jadawali. Tsohon bututun da ya sha ruwan rijiyar burtsatse na shekaru, wanda cikinsa ya yi ɓawo da tsatsa, bai kamata a ba shi santsin sabon ƙarfe da shafin ya zaɓa ba, sannan a ƙirga gwiwoyi da bawuloli da matata, domin a gajeren layi su ne sukan ci rabin matsin ko fiye.

Akwai kuskuren da ya fi waɗannan ɓoyuwa, wato amfani da dabarar lissafi a wajen iyakarta. Shafuka da yawa na asarar matsi suna aiki ne da dabarar Hazen da Williams, wadda aka gina a farkon ƙarni na 20 daga gwaje-gwajen ruwan sha mai matsakaicin zafi, kuma ko gurbin kaurin ruwa babu a cikinta. Duk shafin da bai tambaye ka kaurin abin da ke gudana ba, to ya riga ya ɗauka ruwa ne. Wanda yake lissafin layin man gyaɗa ko na waken suya da irin wannan shafin zai samu amsa mai kyan gani wadda ba ta da alaƙa da mai, domin man gyaɗa ya fi ruwa kauri sau gommai, kuma kaurin nasa yana sauyawa sosai tsakanin sanyin asubar Janairu da zafin azahar ɗin Afrilu. Duk macen da ke suyar ƙuli-ƙuli ta san yadda mai yake yin nauyi a hunturu, injiniya ne yake mantawa da zarar ya zauna gaban allo. Abin da ya dace da irin wannan aiki shi ne dabarar Darcy da Weisbach, kuma matakin farko shi ne a fitar da lambar Reynolds, wadda ke nuna irin gudun da abu yake yi a cikin bututu, a dube ta. Idan ba ta kai kusan 2,300 ba, gudun lallausa ne, ana samun lambar gogayya ta hanyar raba 64 da ita. Idan ta haura 4,000, gudun ya hargitse, sai a koma ga lissafin Colebrook na 1939 ko zanen Moody na 1944. A tsakanin biyun kuwa babu wata dabara da za a dogara da ita sosai, gara a sauya faɗin bututun a fita daga wannan yankin.

A nan ne injiniyoyin sinadarai suke da wata matsala ta musamman. Littattafanmu da yawa suna koyar da lambar gogayya ta Fanning, yayin da shafukan masu aikin ruwa da injina suke amfani da ta Darcy, kuma ta Darcy ninki huɗu ce ta Fanning. Dukansu harafin f ake rubuta musu. Wanda ya ɗauko lamba daga littafin aji ya zuba a shafin da ke jiran ɗayar zai samu kashi ɗaya cikin huɗu na asarar gaskiya. A duba yadda shafin yake lissafin lallausan gudu: 64 a sama alamar Darcy ce, 16 alamar Fanning. Ma'aunin kauri ma iri biyu ne, cP da cSt (wato cP da aka raba da nauyin abin), kuma a ruwa mai sanyi kusan ɗaya suke, shi ya sa mutane suke sabawa da musanya su, har ranar da za su gamu da abin da nauyinsa ya bambanta da na ruwa. Ga tururi da iskar kwamfireso kuma, kalkuletar da aka yi wa ruwa tana aiki ne kawai muddin asarar matsin ba ta wuce kusan kashi 10 cikin ɗari na cikakken matsin shiga ba, domin gas yana kumbura yayin da matsinsa yake sauka.

Wani abin da ba kasafai ake lura da shi ba shi ne saurin juyawar motar lantarki mai juya famfo. Wutar Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, ta Amurka sau 60, saboda haka famfon da shafin Amurka ya nuna yana juyi kusan 3,500 a minti zai yi kusan 2,900 ne a nan. Yawan ruwan da yake turawa zai ragu zuwa kashi 83 cikin ɗari, tsayin da yake kaiwa kuma, da yake ya dogara da saurin a ninka a kan kansa, zai sauka zuwa kashi 69. Famfon da aka yi alkawarin zai kai mita 30 ba zai wuce 21 ba, kuma idan tankin yana mita 25 ruwa ba zai taɓa isa ba ko an kwana ana ja. Masana'antun da suke dogara da janareto su riƙa duba allon janareton ma, domin idan kaya ya yi masa yawa juyin ya sauka ƙasa da 50, duk famfunan gidan suna raunana tare.

Lissafin busarwa ya shafi masu shinkafa kai tsaye. Shanshera tana fitowa daga jiƙo da turare da danshin kusan kashi 30 cikin ɗari, ana kuma so a saukar da shi zuwa kusan 14 kafin casa. Da yawa sukan cire 14 daga 30 su ce kilo 160 na ruwa za a fitar daga kowane tan. Amma a cikin tan ɗin busasshen ƙwaya kilo 700 ne, kuma shi ba ya sauyawa. Idan shi ne kashi 86 na nauyin ƙarshe, to nauyin ƙarshen kilo 814 ne, ruwan da ya fita kuma 186. Kilo 26 a kowane tan, idan aka tuna cewa kowane kilo yana cin fiye da kilojul 2,250 kafin ya zama tururi, ya isa ya sa na'urar busarwa ta kasa cimma aikin yini. Wasu shafukan kuma suna auna danshi ne a kan busasshen nauyi, inda kashi 30 namu yake zama kusan 43, don haka a karanta bayanin gurbin kafin a cike shi.

Duk waɗannan ana iya kama su da ɗan lissafin hannu na minti biyu, kuma ina ganin wanda bai iya yin sa ba bai kamata ya sa hannu a kan amsar kalkuleta ba. Ruwa a bututun turawa yakan yi gudun mita 1.5 zuwa 3 a daƙiƙa, tururi kuma 25 zuwa 40. Bututun inci 2 mai Sch 40 a gudun mita 2 yana ɗaukar kusan kubik mita 15.6 a awa. Idan aka ninka wannan da tsayin mita 30 aka raba da 367, za a samu kilowat 1.3 da ruwan kansa yake bukata, wanda zai zama kaɗan sama da kilowat 2 a famfon da ingancinsa kashi 60 ne. Shafin da ya ce kilowat 20 ko 0.2 ga wannan aikin, to akwai gurbin da aka cike ba daidai ba. Kuma yawan lambobin da ke bayan ɗigo kada ya ruɗi kowa, domin amsar da ta fito 2.13847 daga zafin da aka ƙiyasta da bayan hannu ba ta fi "kusan 2" gaskiya ba. Gwada shafi na biyu yana da amfani ne kawai idan dabararsa daban ce, tun da shafuka da dama kwafin juna suke yi.

Wuri ɗaya da ban yarda a tsaya a kan kalkuletar kyauta ba shi ne bawul ɗin kariya na tukunyar tururi da kaurin jikin duk wani tanki mai matsi. Ana iya amfani da ita a samu ƙiyasin farko, amma zaɓin ƙarshe sai an bi ƙa'idojin injiniya na Amurka, wato ASME da API 520, da takardar maƙerin bawul ɗin, injiniya mai rajistar COREN, hukumar kula da aikin injiniya ta Najeriya, ya duba ya sa hannu, domin a nan kuskure ba farfela yake ci ba, mutanen da ke tsaye kusa da tukunyar yake ci.

Abu na ƙarshe da ake sakaci da shi shi ne ajiye shaida. Shafin intanet yana iya sauya dabararsa ko ya ɓace gaba ɗaya, wayar da aka yi lissafin da ita tana iya faɗawa tankin jiƙo, kuma bayan shekara biyu, lokacin da ake son ƙara layi na biyu, babu mai tuna dalilin da ya sa aka zaɓi inci 3 maimakon 4. Ɗaukar hoton amsar kaɗai bai wadatar ba. A littafin da muke ajiyewa a ɗakin injiniyoyi, kowane lissafi yana da shafinsa: kwanan wata, sunan kalkuletar, kowace lamba da aka shigar tare da ma'auninta da inda aka samo ta, ko daga geji ne ko daga takardar maƙeri ko ƙiyasi ne, sai amsar, sai lissafin hannun da aka gwada ta da shi. A ƙasan shafin ana barin layi biyu babu rubutu, ana cike su bayan an kunna injin, da abin da geji da ma'aunin wutar motar lantarkin suka nuna a ranar.